Keken Guragu

A gidanmu ba a gardamar siyasa, ba a ta ƙwallo. Gardamarmu ɗaya ce tun ina 'yar mitsitsiya: mota mai giya ko otomatik. Ita ma sunanta kawai gardama, don Baba ne alƙali, shi ne lauya, shi ne kuma mai ba da shaida.

Baba direban babbar mota ne, shekara da shekaru yana kan hanya kafin ya ajiye. Abokansa Sarkin Giya suke ce masa, sunan da Inna ta tsana kamar me, saboda duk baƙon da ya ji sai ya ƙare masa kallo sama da ƙasa yana neman inda ya ɓoye kwalbar. Shi ko a jikinsa. In aka kira shi da sunan har wani gyara zama yake yi.

Karatunsa a kan mota kuwa mun haddace shi ni da Yaya tun kafin mu haddace na makaranta. Direba ƙafa biyu gare shi, wanda ke tuƙi da ɗaya fasinja ne aka ba shi aron sitiyari. In batir ya mutu, mai giya a tura ta ta tashi, otomatik kuwa sai dai ku tura ta har gida. A gangara giya ce birkinka na gaskiya. Mai giya ba ta barin mutum ya yi gyangyaɗi, don kullum tana tambayarka wani abu. Idan ya gama jero waɗannan sai ya rufe da sunan da ya raɗa wa otomatik, wato keken guragu.

Yaya ya sha karatun nan har ya fi malamin zaƙewa. Ko babur ɗin da ba shi da giya ba ya yarda a ajiye masa a ƙofar gida, wai na 'yan aike ne. Ni ce baƙar tunkiyar gidan. Sau ɗaya Baba ya zaunar da ni a tsohuwar motarsa zai koya min, motar ta mutu, ta sake mutuwa, har na daina ƙirgawa, shi kuma yana ta yi min tsawa a kunne.

"Saki kulocin a hankali. A hankali na ce, Auta, ba kamar kin taka garwashi ba."

Na buɗe ƙofa na fice ina kuka, na rantse ni da kuloci har abada. Da na fara aiki a kantin magani na samu hali, sai na sayi 'yar ƙaramar otomatik, na kawo ta gida a sa min albarka. Baba ya zagaye ta hannu a baya, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana leƙe.

"Ina ɗayar?" ya ce. "Na ga birki, na ga totur. Auta, an sayar miki da mota ba a gama haɗa ta ba."

Daga baya ya sa albarkar, ban ce bai sa ba. Amma tun daga ranar, in na yi hon a ƙofar gida sai in ji Yaya daga ciki yana cewa a buɗe wa keken guragu. Ina dariya tare da su, amma ni irin mutanen nan ce da ba sa yafe dariya. Ajiye ta nake yi, in jira ranarta.

Tun da Baba ya bar hanya, aiki ɗaya ya rage masa a duniya: kai 'ya'yan Yaya makaranta da ɗauko su. Kada ka raina wannan aikin a gabansa. Da kansa yake goge rigarsa saboda shi, ya wanke gilashi, ya duba mai da ruwa kamar mai shirin tsallake ƙasa. In ya sauke yaran sai ya biya bencin tsofaffin direbobi da ke gindin bishiya kusa da garejin Sifana, bakanikenmu, ya sha shayi, ya yi wa'azin giya, ya dawo gida da ƙarfinsa. Inna takan ce makullin motar nan ne maganin hawan jininsa.

To sai tsohuwar motar ta kwanta kwanciyar da ba tashi. Sifana ya buɗe inji, ya rufe, ya goge hannu ya ce, "Baba, wannan ta yi hidimarta, a bar ta ta huta." Baba ya zauna a gida, cikin 'yan kwanaki ya zama wani iri, ba ya cin kirki, ba ya faɗa da kowa. Ni da Yaya muka ce ba za mu zuba ido ba, mu haɗu mu sama masa wata.

Wata ranar hutu da yamma muka taru a falo. Yaya yana nuna masa hotunan motoci a waya, duk masu giya, yana yabon kowacce kamar dillali. Inna ta kawo shayi ta zauna a gefe. Baba yana kallon hotunan, hannunsa na shafa gwiwarsa ta hagu. Na ga hannun. Wallahi na gan shi, sai dai ban karanta shi ba.

Can ya yi gyaran murya, bai kalli kowa ba, ya ce, "Ko irin ta Auta ma, in an samu mai lafiya, ba laifi."

Ni kuwa wani daɗi ya taso min tun daga tafin ƙafa. Ranar da na daɗe ina jira ce ta kawo kanta har gida, ba zan bari ta wuce ba. Na ajiye kofina na gyara zama.

"Baba, kai da keken guragu?" na ce. "Yaushe ka gurgunce ba mu da labari?"

Yaya ya tuntsire har wayar ta faɗi daga hannunsa. Ni kuma da na ga kasuwa ta buɗe sai na baje kaya. Na jero masa karatunsa ɗaya bayan ɗaya da irin muryarsa, har da ɗaga yatsa. In batir ya mutu wa zai tura ka? A gangara da me za ka riƙe ta? Ashe za mu ga Sarkin Giya ya zama fasinja mai aron sitiyari? Inna ba ta yi dariya ba. Tashi ta yi ta kwashe kofunan da ba a gama sha ba ta shige kicin.

Baba ya yi dariya shi ma, 'yar gajera. Ya ɗauke hannu daga gwiwarsa.

"Gwada ku nake yi," ya ce. "Ina so in ga ko tarbiyya ta shiga. Ku sayo mai giya."

Na koma gidana ranar ina jin kaina kamar wadda ta ci shari'a, har na ba maigidana labari sau biyu.

Aka sayo mai giya, fara, fes da ita. Baba ya yaba, ya yi mana addu'a har sai da idon Yaya ya kawo ruwa. Amma ba a jima ba mita ta fara. Kulocin ya yi tauri, a kai wa Sifana. Sifana ya sassauta. Har yanzu da tauri, a sake kai masa. A karo na gaba Sifana ya kira Yaya gefe ya ce kulocin nan ko jariri ya taka zai shige, in ya ƙara sassauta shi sai dai a cire. Yaya ya ce min tsufa ne kawai, tsoho ba ya rasa abin mita. Na ce ai kuwa, kewar tsohuwar motar yake yi. Haka muka yanke hukunci mu biyu, likitoci.

Sai kuma yaran suka fara ba da labarin cewa Kaka ya daina bin hanyar hawa, wadda ke miƙewa kai tsaye zuwa makaranta. Zagaye yake yi da su ta bayan kasuwa, ta layin masu katako, hanya mai nisa amma shimfiɗaɗɗiya. Da Yaya ya tambaye shi sai ya ce gari yake nuna musu, yaran yanzu ba su san ko'ina ba sai cikin waya.

Ranar da abin ya fito, motata tana wurin Sifana ana canja mata mai. Na biya gida da hantsi na tarar Baba ya dawo daga kai yara, yana zaune a kujerar roba ya miƙe ƙafa. Na gaishe shi na ce ya taimaka ya sauke ni a wurin aiki, na makara.

"Babu baburan haya a titi ne?" ya ce.

"Haba Baba. Sarkin Giya guda yana gida, a ga 'yarsa a bayan babur? Me za a ce a benci?"

Bakin nan nawa dai. Ya dube ni, ya miƙa hannu ya ɗauki makulli.

Da muka iso mararraba ya sa sigina zai yi hanyar bayan kasuwa. Na ce a'a, don Allah mu bi ta hawa, mai kantin ya riga ya kira ni. Ya kashe siginar, ya miƙe.

Wanda ya san hawan nan ya san halinsa. Tudu ne mai tsayi, a samansa akwai danja, kuma in wata mota ta lalace a can sai layi ya sauko har gindi. Haka muka tarar. Mota ta matsa taku kaɗan ta tsaya, ta matsa ta tsaya. A otomatik wannan ba komai ba ne, ɗaga ƙafa ne da mayarwa. A mai giya kuwa kowane matsi sai ka taka kuloci har ƙasa, ka sa giya, ka sake shi daidai gwargwado kana ba da wuta, in ka kuskure ta mutu ko ta koma da baya.

Na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Ina ta danne-dannen waya, sai na ji numfashinsa ya canja. Na ɗago. Gumi ya jiƙa wuyan rigar da ya goge da safe. Motar gabanmu ta matsa, sai na ga hannunsa na hagu ya saki sitiyari ya sauka a kan gwiwa, ya danna ta ƙasa da ƙarfi, na dama kuma yana kan giya. Da hannu yake taka kuloci. Sitiyarin babu kowa a kansa.

Ya sake yi a matsi na gaba, ƙafar tana rawa a ƙarƙashin hannunsa. A na bayansa ƙafar ta zame gaba ɗaya, motar ta yi tsalle ta mutu, ta fara sulalewa baya. Ya finciko birkin hannu, muka tsaya saura ƙiris mu daki bas ɗin da ke bayanmu.

Hon ya tashi ta ko'ina. Direban bas ɗin, wanda a haife Baba ya haife shi, ya leƙo da kai ta taga.

"Tsoho, in ba ka iya ba ka je ka sayi otomatik mana."

Baba bai waiwaya ba. Mutumin da ya sauko da tirela cike da kaya daga kan duwatsu ba birki, yau shi ake gaya wa haka, kuma ni na kawo shi wurin. Na buɗe aljihun gaban mota ina neman abin da zan ba shi ya share gumi, sai robobin man zafi suka zubo min a cinya, wasu an matse su har sun nannaɗe. Suna cikin ledar wani kantin magani ne na can ƙarshen gari. Man da nake sayarwa daga safe har yamma, ubana yana tsallake kantinmu ya je wani wuri ya saya don kada in sani.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun kafin tsohuwar motar ta kwanta," ya ce, idonsa na kan gilashi. "Da sassafe ƙafar tana jin magana. In rana ta ɗaga sai ta zama kamar ba tawa ba. Ta dama lafiyarta lau."

"Inna ta sani?"

"Wa kike zaton yake shafa min?"

Na so in tambaye shi abin da ya hana shi gaya mana, sai dai na riga na san amsar. Falon nan ya dawo min, da hannun da ke shafa gwiwa, da muryata ina kwaikwayon tasa. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

"Auta, ana mana hon," ya ce. "Zagayo ki karɓa."

"Baba, ka san ban iya ba."

"Na sani, ni na kasa koya miki. Ƙafarki kawai nake so, giyar ki bar min."

Muka fito. Ni na zagaya ta baya da gudu, shi ya bi ta gaba yana dafa bonet, yana jan ƙafar, duk layin motocin nan suna kallo. Direban bas ɗin da ya ga tafiyar sai ya janye kansa ciki, hon ɗinsa ma ya yi shiru. Baba ya zauna a kujerar fasinja, ya ɗora hannun hagu a kan giya.

"Ƙafar hagu, taka har ƙasa. Riƙe. Tayar da ita." Ya sa giya ta ɗaya. "Yanzu ɗan ba ta wuta, ki saki kulocin a hankali, kamar kina kwantar da jariri mai barci."

Ta mutu. Na runtse ido ina jiran tsawa, tsawar ba ta zo ba.

"Ba komai. Sake."

Ta sake mutuwa. A na uku sai na ji motar ta ɗan yi rawa, gabanta ya ɗaga kaɗan, kamar tana jan numfashi.

"Kin ji ta?" ya ce a hankali. "Nan ne wurin. Tsaya a nan, ƙara wuta." Ya sauke birkin hannu, muka hau.

Haka muka gama tudun, shi yana cewa taka, saki, ni ina bi, hawaye na zuba ban da hannun share su. Ban je aiki ba ranar. Gida na mai da mu, shi ne hannu ni ce ƙafa, kuma a duk tsawon hanyar ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba. Da ya yi min tsawa da na fi jin sauƙi.

A ƙofar gida na kashe mota.

"Kada ki gaya wa Yayanki," ya ce. "In ya ji zai karɓe makullin, kuma yana da gaskiya, 'ya'yansa ne."

Nan ne na ƙara yi masa wani ciwon, wannan karon ina sane. Na ce ba zan faɗa ba, amma ba zai sake ɗaukar yaran a wannan motar ba, ko yau. Na ga sitiyarin nan babu hannu a kansa, ba zan iya yin kamar ban gani ba. Bai yi musu ba. Ya zare makullin da kansa, ya juya shi a tafin hannu, ya miƙo min. Ranar maigidana na roƙa ya ɗauko yaran, aka ce wa Yaya Baba ba ya jin daɗi.

Na sami Inna a kicin tana wanke-wanke. Ba ta juyo ba, ta ga shigowarmu ta taga.

"Inna, don me ba ki yi magana ba?"

"Ya hana ni." Ta ɗauraye kofi ta kife. "Kwana da kwanaki ya yi yana juya yadda zai faɗa muku. Ni na ce masa ya daure ya faɗa, 'ya'yansa ne, ba za su yi masa dariya ba."

Ta ci gaba da wanke-wankenta. Da mari ta yi min da ya fi.

Washegari na karɓo motata daga wurin Sifana. Na kira Yaya na shirga masa ƙarya, na ce na gaji da gori, ina so in koyi mai giya, don haka zan karɓi ta Baba na ɗan lokaci in bar masa tawa. Yaya ya yi ta dariya a waya, wai gaskiya ta yi halinta, amma yana tausayin Baba da zai sha kunya a benci. Na ce masa ai don 'yarsa zai yi.

Da na kai wa Baba makullin motata na maimaita masa ƙaryar kalma da kalma. Ya saurare ni har na gama, ya san ƙarya ce, na san ya sani.

"To," ya ce. "Tunda koyo za ki yi."

Muka je wani fili da ke bayan layinmu bayan azahar. Ya zauna a mazaunin direba, ya gyara madubi, ya tayar. Motar na fara tafiya ƙafar hagun nan, duk da ciwonta, ta yunƙura neman kuloci ta sauka a kan birki, muka yi gaba kamar za mu fasa gilashi da goshi.

"Baba, janye ta baya. Ta dama ce kawai ke aiki."

Ya dubi ƙafar. "To ita wannan ina zan kai ta?"

"Ajiye ta a gefe. Ta yi nata."

Ya sa hannu biyu ya ɗaga ta ya jingine ta a gefen ƙofa. Zagaye kaɗan ya yi a filin ya gane kan abin, direba ai direba ne. Daga nan bai tambaye ni ba ya hau titi, ya nufi hawa. Layin yana nan kamar jiya. Ya matsa ya tsaya, ya matsa ya tsaya, hannu biyu a kan sitiyari, ko ɗigon gumi babu. Da muka wuce danja na tambaye shi yaya ya ji ta.

"Ba ta da hira," ya ce. "Amma tana da ladabi."

Sai na ga ya karya kwana ya nufi garejin Sifana. Na ce mu bi ta baya mana, lokacin tashin yara ya kusa. Ya ce a'a, ta nan hanya take.

Bencin a cike yake. Ga kuma Yaya a tsugune a bakin gareji, ana ɗaure masa sarƙar babur. Baba ya tsaya daidai gindin bishiyar ya sauke gilashi. Dogo, abokinsa tun suna yaran mota, shi ya fara ganewa. Ya miƙe da kofin shayi a hannu, bakinsa har kunne.

"Jama'a, ku zo ku ga abin da ido bai taɓa gani ba. Sarkin Giya a keken guragu."

Dariya ta tashi. Na leƙo da sauri na fara cewa ai ni ce nake koyon mai giya, shi ya sa muka yi musanya, Baba ya ɗaga min hannu.

"Bari, Auta."

Ya buɗe ƙofa. Ya sa hannu biyu a ƙarƙashin gwiwarsa ta hagu, ya ɗago ƙafar ya fito da ita waje ya ajiye a ƙasa, a gaban kowa, yadda ake sauke kaya.

"Keken guragu ne, Dogo, ba ka yi ƙarya ba," ya ce. "Gurgun ne ya hau abinsa."

Babu wanda ya ƙara dariya. Dogo ya tsaya da kofinsa bai sha ba bai ajiye ba. Sifana ya sunkuyar da kai yana goge hannun da ba abin da ya taɓa. Yaya ya taso a hankali ya zo bakin ƙofar, ya dubi ƙafar, ya dubi Baba, sannan ya dube ni. Na ga lokacin da falon nan ya dawo masa shi ma, don fuskarsa ta canja kamar an watsa masa ruwa.

Baba bai roƙe shi ba. Ya zare makullin ya riƙe a tafin hannu a buɗe, inda Yaya zai iya ɗauka in ya so.

"Ta dama fa?" Yaya ya tambaya.

"Lafiyarta lau. Tambayi ƙanwarka, yanzu muka hau tudu."

Na gyaɗa kai. Yaya ya durƙusa, ya ɗauki ƙafar da hannunsa ya mayar da ita cikin mota, ya jingine ta inda take, ya rufe ƙofar a hankali.

"An kusa tashinsu, Baba," ya ce. "Kada ka makara. Gobe kuma ni zan kai ka asibiti."

Muka kama hanyar makaranta. Da muka yi nisa sai Baba ya yi ajiyar zuciya.

"Laifina ne," ya ce. "Girman kai. Da na buɗe baki na faɗa tun ranar nan, da ba ku sha wahalar sayen waccan ba."

Ya ba ni hanyar fita ke nan, a buɗe, in na yi shiru shi ke nan an rufe maganar. Na kasa.

"Ai ka faɗa, Baba."

Bai ɗauke ido daga titi ba. "Na faɗa ko?"

"Ka faɗa. Ni ce na mayar maka da maganar ciki."

Mun zo kwanar makaranta ya rage gudu, hannunsa na dama ya tafi neman giya yadda ya saba shekara da shekaru. Bai sami aikin yi a can ba, sai ya sauka a bayan hannuna, ya ɗan bubbuga sau biyu, ya koma kan sitiyari. Har muka tsaya a bakin ƙofar makarantar ban iya ɗaga kai na dube shi ba.